Gorar Tsarkin Da Ta Raba Ni Da Jidda

Shekara ashirin da ɗaya na yi ina jan tirela tsakanin Funtuwa da Legas, kuma duk wanda ya san ni a tasha ya san abu biyu game da ni: ina da saurin fushi, sannan ban taɓa kai ƙwaya bakina ba. Abokan aikina suna jefa tiramol a shayi don su kai Ibadan ido a buɗe, ni kuwa goro ne da ruwan sanyi a fuska. Butata tana rataye a bayan kujera, duk inda lalura ta kama ni sai in sauka in tsuguna in yi tsarki kamar yadda aka koya mini tun ina yaro. Saboda haka suka laƙaba mini Liman, alhali sunana Isiyaku kuma ko izu biyar ban haɗa ba. Na faɗi wannan tun farko ne don a san irin mutumin da gwajin ƙwaya ya durƙusar a Jidda.

Wanda ya yi mini hanyar zuwa ya rantse mini cewa motar masu umara zan riƙa ja, Jidda zuwa Makka, kullum ina ɗawafi. Da na sauka sai aka kai ni wani ɗaki a unguwar Kurayyat, mu takwas a ciki, gadaje hawa biyu, na'urar sanyaya ɗaki tana tari kamar tsohuwar roka a kan tudu. Washegari aka nuna mini wata doguwar bas fara mai kwasar leburori zuwa tashar jiragen ruwa. Fasfona ya shiga durowar mudir, wato shugaban direbobin kamfanin, ban sake ganin bangonsa ba. Sai da na yi wata bakwai a ƙasar kafin na ga Ka'aba da idona.

Abinci kullum shinkafa, safe shinkafa, rana shinkafa. Akwai ranar da na tsaya a danja na ji ƙamshin daddawa daga wata taga, na manta fitila ta ba ni hannu har na baya suka cika titi da oda. Ban san namiji mai shekara arba'in da bakwai zai iya kewar miyar kuka har idonsa ya kawo ruwa ba.

Mutumin da ya riƙe ni a wannan lokacin shi ne Amm Haruna (amm shi ne baffa da Larabci), wani dattijon direba Bahaushen Sudan da ya daɗe a kamfanin. Hausarsa irin ta kakanni ce, ga Larabci a tsakiya kamar tsakuwa a shinkafa. Shi ya koya mini inda kyamarorin titi suke, da yadda ake amsa wa ɗan sanda ba tare da ɗaga murya ba, abin da ya fi komai yi mini wuya. Duk Juma'a yakan zo mini da tuwo a kula daga gidansa na Madain Fahd.

"Ci, ya zol," yakan ce, yadda mutanen Sudan suke kiran mutum. "Matata ta ce fuskarka ta zama kamar ta wanda aka hana gado."

Shi ne kuma ya fara gaya mini zancen tahalil, wato gwajin da ake yi wa direbobi. Ya ce kwamfuta ce take zaɓo sunaye, ba a sanar da kowa sai ranar. Ya ce a banɗakin wurin an ɗaure famfo, an zuba shuɗi a ruwan masai, don kada wani ya sirka abin da ya bayar. Na yi dariya na ce su gwada ni sau goma a rana in suna so, abin da za su samu goro ne. Abin da ya tsaya mini a rai daga maganarsa shi ne ɗaurarren famfon nan.

Sunana ya fito wata Talata a tsakiyar zafi. Na sauke leburori, aka ce kada in koma ɗaki, aka kwashe mu mu huɗu zuwa wani ɗakin gwaji mai bene biyu. A hanya na sayi ƙaramar gorar ruwa na soke ta a aljihun wandon da ke ƙarƙashin jallabiyata. Wallahi ba da nufin komai ba. Azahar ta kusa, kuma ni ban san yadda mutum zai yi bawali ya miƙe ya ɗaure wando haka nan, sannan ya je ya fuskanci alƙibla ba.

Mai karɓar gwajin wani siririn mutum ne daga ƙasashen Indiya, sanye da shuɗin kaya. Ya ce in zazzage aljihu. Na zazzage na jallabiya: waya, carbi, ɓarin goro. Na wando kuwa na yi shiru da shi, domin na san in ya gani zai karɓe, kuma ba ni da Larabcin da zan yi masa bayanin tsarki. Ya ba ni ɗan kofin roba, na shiga, ya tsaya a bayan ƙofa, ina ganin takalmansa ta ƙasa. Takalman nan kaɗai suka hana bawalin fitowa. Na fito hannu wofi, ya nuna mini na'urar ruwan sanyi, na yi ta sha ina zaga ɗakin jira har wajen awa guda. Da na koma sai Allah Ya taimake ni. Na cika kofin, na ajiye shi can gefe, na ciro gorata na yi tsarkina cikin natsuwa. Na buɗe ƙofa da kofi a hannun dama, gora wofi a hagu, ƙasa a jiƙe.

Mutumin ya dubi gorar, ya dubi ƙasa, ya dube ni.

"Moya? Mamnu', sadik. Mamnu'."

Wato ruwa, an hana shiga da shi. Na ce masa ɗahara ce, salla zan yi. Na nuna sama, na ɗaga hannu kamar mai kabbara. Ya kaɗa kai kawai ya yi wani rubutu a ƙasan takarda. Ya raba abin cikin kwalabe biyu, ya liƙe bakinsu, na sa hannu a kan liƙin, ya yage mini kwafi mai lamba. Na fita ina masifa da Hausa cewa mutum bai san tsarki ba yana yi wa mutane faɗa. Na yi sallata a masallacin da ke tsallaken titi, na manta da zancen.

Bayan kwana huɗu mudir ya kira ni ofis. Kafin ya ce komai ya miƙo hannu, na ɗauka gaisawa za mu yi, ashe makullin bas yake nufi. Amm Haruna ne ya yi tafinta, kansa a ƙasa. Ɗakin gwaji ya ce abin da na bayar ruwa ya yi masa yawa fiye da yadda yake fitowa daga jikin mutum. Mai karɓa kuma ya rubuta cewa an kama ni da gorar ruwa a ciki. In an haɗa biyun, na sirka ke nan don in ɓoye wani abu. A dokar kamfanin, wanda ya sirka da wanda aka samu da ƙwaya hukuncinsu ɗaya: a soke iƙama, wato takardar izinin zama, a buga masa hatimin fita ta ƙarshe. Likitan da ke duba sakamako ne kawai ya rage ya sa hannu.

Na daki tebur har kofin shayin mudir ya kife. Na ce a kawo Alƙur'ani. Mudir ya goge teburinsa da takarda a hankali, ya ce da Amm Haruna ya fita da ni kafin ya kira 'yan sanda.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Da sassafe kowa ya fita aiki, ni kaɗai a ɗaki da tarin na'ura. In sun dawo da yamma sai gaisuwa ta gajarce. Wanda muke cin abinci a faranti ɗaya ya fara cewa ya riga ya ci. Aikin ban damu da shi ba kamar sunan, domin aiki na san ko a Funtuwa zan samu mota. Amma direban da aka koro daga ƙasa mai tsarki saboda ƙwaya, wa zai ba shi makulli, wa zai ba ɗansa aure, wa zai tsaya kusa da shi a sahu da zuciya ɗaya?

Ban gaya wa kowa a gida ba, amma a ɗakinmu akwai mai ɗan'uwa a Bakori. Kwana uku kacal matata Binta ta kira ni.

"Baban Sadiya, wata magana ake yi a gari."

"Ƙarya ce."

"Na san ƙarya ce. Amma Baba ya ji. Ya aiko a tambaye ni, na ce ban san komai ba. Jiya bai fita karatun safe ba."

Baba shi ne mahaifinta, Malam Idi, mai makaranta a unguwarmu. Lokacin da na nemi Binta danginsa duka sun ƙi, suka ce direban tirela ba mijin 'yar malam ba ne. Shi kaɗai ya tsaya mini, kuma shekara goma sha tara ban taɓa ba shi dalilin da-na-sani ba. Ko sunansa ban taɓa kamawa ba, in na hango shi tafe nakan cire takalmi tun daga nesa. Da Binta ta kashe waya sai na ji ɗakin ya yi mini ƙanƙanta, na sa takalmi na nufi ɗakin gwajin da ƙafa cikin ranar nan.

Mai gadi ya tare ni a bakin ƙofa. Na nuna masa kwafin takardata, ya ce babu shiga sai da takardar kamfani. Nan fa na buɗe baki. Na zagi injin gwajin, na zagi wanda ya ƙera shi, na zagi wanda ya sayo shi, duk da Hausa, tunda na san ba mai ji. Sai na ji murya a bayana.

"Ya ammi, ka yi haƙuri. Ka rage murya shuwayya."

Wata mata ce, farar rigar aiki a kan abaya, za ta kai shekara talatin da wani abu. Kunya ta kama ni, domin zagin da na yi ba na gaban mata ba ne. Ta ce sunanta Hanan, a Jidda aka haife ta, kakanta ne ya zo hajji a ƙasa daga Haɗeja bai koma ba. Tana jin Hausa sarai amma in za ta yi sai ta riƙa laluben kalma. Ta nuna mini benci a inuwa, ta zauna a can ƙarshensa.

Na miƙa mata takardar, ta ƙi karɓa.

"Mamnu' in yi maganar sakamakonka. Mu a ciki ba mu ganin suna ma, lamba kawai."

"To injinku maƙaryaci ne, 'yata. Ni na san abin da na zuba a kofin nan. Ruwan gorata a ƙasa ya zuba."

"Inji yana iya kuskure," in ji ta. "Shi ya sa ba mu yarda da shi haka nan. Kullum kafin mu sa na mutane, da tsakiya, da ƙarshe, muna sa wasu kwalabe da mun riga mun san abin da ke cikinsu. Kontrol. Ɗaya babu komai, ɗaya da ƙwaya, ɗaya mai ruwa-ruwa, ɗaya daidai. Yaʿni, yaya zan ce, kamar shaidu. In inji ya faɗi gaskiya a kansu, mu karɓi maganarsa a kan mutane. In ya faɗi abin da ya wuce iyaka a kan ko ɗaya, halas, zubin nan duka ba ya fita. A gyara inji, a sake."

Wannan na gane shi, domin ni ma ban taɓa hawa titi ban taka birki sau biyu a tasha ba. Na ce, "To ranar tawa, wa ya tambayi shaidun?"

Ta rage murya. Sannan ta ce ana rubuta komai a rajista, kuma duk wanda aka gwada yana da haƙƙin ya rubuta wa likita ya nemi a duba rajistar ranar kafin a sa hannu. Ta ce yawancin direbobi ba su san da wannan ba. Ba za ta iya rubuta mini ba, kuma kada in ambaci sunanta.

"Ni ma iƙama gare ni, ya ammi, kamar kai. Haihuwa a nan ba ta ba ni komai ba."

Da la'asar Amm Haruna ya same ni a wani shagon shayi a Bab Makka, tsakanin masu atamfa da masu dabino. Ya sa tabarau ya rubuta takardar da Larabcinsa mai kyau. Duk inda na ce ya rubuta cewa azzalumai ne sai ya ce to, ya rubuta wani abu daban. Muka kwafe lambar kwalabena sau biyu don kada a yi kuskure. Washegari na kai da hannuna.

Kwana shida na yi ina jira. Na rame har wandona yana zamewa. Kullum Binta takan turo saƙon murya, ba ta tambaya, sai dai ta ba ni labarin akuya ta haihu, ko Sadiya ta ci jarrabawa, ni kuwa na san abin da take son ji.

A rana ta bakwai likita ya kira mu. Wani dattijo ne mai furfura, yana magana yana kallon takarda. Ya ce an duba rajista. A safiyar da aka sa kwalbata, shaidar da ke auna yawan ruwa ta wuce iyaka har sau biyu, injin yana karanta komai da ruwa-ruwa fiye da yadda yake. Wanda ke bakin aiki ya ga layi ya yi yawa, ya sa hannu ya ci gaba. Saboda haka an soke sakamakon zubin nan gaba ɗaya, nawa da na sauran mutane. Maganar cewa na sirka ta faɗi.

Na zube a ofishin na yi sujada a kan tayil. Ban tsaya jin ƙarshen maganar ba sosai, na ji dai ya ce a dawo gobe a sake bayarwa. A bakin ƙofa mai gadin da ya tare ni ranar nan ya gaya wa Amm Haruna cewa wata ma'aikaciya ce aka ba rajistar ta duba, aka so ta sa hannu cewa komai lafiya, ta ƙi. An ɗauke ta daga kan inji an mayar da ita sito. Na san ko wace ce, na yi mata addu'ar da ban taɓa yi wa wanda ba jinina ba.

Tun a titi na kira Binta.

"Ki je ki gaya wa Baba an wanke ni. Injinsu ne ya lalace."

Ta yi ta hamdala tana kuka. Kafin magariba ta turo cewa Baba ya sa an yi sadakar waina a makaranta.

Sai a mota Amm Haruna ya yi gyaran murya.

"Ya zol, ka ji abin da likita ya ce game da gobe?"

"A sake bayarwa. Ba gora a wannan karon, ko da zan yi salla da taimama."

"Ba gora ba ce maganar. Kwalabenka na farko sun mutu, tunda an shiga da ruwa inda aka cika su. Kuma wanda aka taɓa rubuta wa haka, na biyunsa sai da mai kallo."

Na ce ai wancan ma yana bayan ƙofa. Ya ce ba bayan ƙofa ba. A ciki.

Ƙarfe tara na safe muka isa. Siririn mutumin nan ne dai. Ya karanta mini ƙa'idar, Amm Haruna yana fassarawa yana kallon bango. Zan ɗaga jallabiya har ƙirji. Zan sauke wando har gwiwa. Zan juya ya ga ba na ɗauke da komai. Sannan zai tsaya ya ga fitar abin daga jikina zuwa kofi da idonsa. Ina da awa uku. Ruwan da zan sha a aune yake, don kada a koma gidan jiya. In awa uku ta cika babu komai, sai likita ya duba ni, in ba ni da ciwo, an ɗauka na ƙi ke nan.

"Ka rufe ido," Amm Haruna ya raɗa mini. "Ka ɗauka wanzami ne."

Tun da wanzami ya yi mini kaciya ina shekara bakwai, babu namijin da ya sake ganin tsiraicina. Ko a tasha, inda mutane ba su da ta ido, nakan yi tafiya mai nisa cikin daji kafin in tsuguna. Na shiga, ya biyo ni, ya rufe ƙofa. Wurin bai fi faɗin gaban mota ba, ina jin numfashinsa. Na yi duk abin da aka ce. Da na je tsugunawa sai ya ce a'a, a tsaye, don in na tsuguna ba zai gani ba. Ni kuwa tun da nake ban taɓa yi a tsaye ba.

Babu abin da ya fito. Na rufe ido, na yi salati a zuci, na tuna ai ba wurin salati ba ne, na daina. Na yi yunƙuri har jijiyar wuyana ta tashi. Muka fito, na sha kofin da aka auna mini, na zaga ɗakin jira, muka koma. Sau biyar muna shiga muna fita. Wajen sha ɗaya marata ta cika har ba na iya miƙewa sosai, gumi yana bin bayana a cikin sanyin wurin, amma da zarar ƙofa ta rufu na ji idon nan a kaina sai jikina ya kulle kamar birkin da ya cije.

Mutumin ba mugu ba ne. Shi ma kunnuwansa sun yi ja. Yana ta cewa, "Sabur, sadik, ma fi mushkila." A shiga ta huɗu na roƙe shi. Ni da na daki teburin mudir, na haɗa hannu biyu ina roƙon wanda na haifa a shekaru, wandona a gwiwa. Na nuna masa bango, na ɗaga yatsu uku, ya kau da kai na ƙirga uku kawai, in ya fara zuba sai ya juyo. Ya dubi bangon kamar zai yarda. Sannan ya taɓa takardar da ke hannunsa, ya taɓa ƙirjinsa, ya ce, "Ana kafil, sadik." Shi ma yana da mai gida a kansa, kuma yanzu bayan abin da ya faru da rajista kowa a gidan ido ne a kansa.

Ƙarfe sha biyu ya dubi agogo. Ya ƙara mini minti biyar da ba ya cikin doka. Sannan ya karɓi kofin wofi daga hannuna, ya rubuta lokaci.

Na fita a duƙe, na tsallaka titi ban duba mota ba, na faɗa banɗakin masallaci na ja sakata. Ko gama tsugunawa ban yi ba jikina ya saki. Ya yi ta zuba kamar ba zai tsaya ba, abin da zai cika kofin nan sau biyar, tsarkakakke, babu komai a cikinsa sai goro da ruwan da suka auna mini da hannunsu, yana bin rariya yana tafiya. Na dafa bango na yi kuka da murya. Da na fito na tarar da Amm Haruna a tsaye riƙe da takalmana.

Washegari likita ya danna mini ciki, ya sa aka ɗauki hoton mara, ya yi tambayoyi. Ya ce lafiyata ƙalau, har ya yaba ƙodata. Na ce da Amm Haruna ya gaya masa kunya ce. Ya gaya masa. Likitan ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. Ya ce ya yarda da ni a zuciyarsa, amma a gabansa akwai jerin cututtukan da takarda ta amince su hana mutum, kuma kunya ba ta ciki. Na roƙi a ba ni wata rana, ya ce ƙa'ida ba ta ba da ta uku ba. Ya rubuta kalma ɗaya, Amm Haruna ya ce ma'anarta na ƙi gwaji.

Da za mu fita na hango Hanan ta gilashi a ƙarshen baranda, tana tura keken kwalaye. Ta ɗago kai kamar za ta duba wajenmu, na yi sauri na laɓe a bayan Amm Haruna. Ta sadaukar da kujerarta don ta buɗe mini ƙofa, ni kuwa na kasa wucewa. Har na bar ƙasar ban yi mata godiya ba, kuma wannan yana cina har yau.

Fasfona ya fito daga durowa da hatimin fita a ciki. Amm Haruna ya kai ni filin jirgi da motarsa, ya cusa mini ledar dabino, ya ce in gaida yara. Daga shi har ni ba wanda ya kalli idon wani.

Kwana biyu da isowata Funtuwa na je gaida Malam bayan la'asar. Na so in same shi shi kaɗai, sai na tarar da zaure a cike: ƙannensa biyu, ladan, da wasu dattawan unguwa. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Aka yi gaisuwa, aka yi barka da hanya. Malam ya rufe littafin da ke gabansa.

"Isiyaku, ka aiko cewa an wanke ka, muka yi murna, muka gaya wa mutane. Sai ga ka an koro. Yanzu kuma ana cewa gwaji na biyu kai ka ƙi yi. Ni ban yarda da maganar gari ba. Ga iyayenka nan, ka gaya mana da bakinka, me ya hana ka?"

Amsar tana bakina. Amma kafin in kai gare ta dole sai na ce wa uban matata, a gaban ƙannensa da ladan, an sa ni na sauke wando har gwiwa, na juya, wani ƙato yana kallon gabana. Ko kalmar bawali ban taɓa furtawa a gabansa ba. Na buɗe baki, na ji harshena ya kulle kamar yadda jikina ya kulle a ɗan ɗakin nan. Suna jira. Ƙaninsa ɗaya ya dubi ɗayan.

"Ƙaddara ce, Baba," na ce.

Malam ya daɗe yana kallon tabarma. Da ya ɗago sai na ga ya tsufa a cikin 'yan watannin nan. Ya ɗaga hannu, duk suka ɗaga.

"Allah Ya shirye ka, Isiyaku."

Zauren ya amsa da amin. Ni ma na shafa, na ce amin.